Rigar Da Ta Yi Masa Yawa

Zuwa ga Tela, taubashina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da mai ɗakinka da yara, da bayan nan naka da ba ya rabo da ciwo. Yaya ƙafar Goggo? Ka ce mata ta riƙa ɗora ta a kan matashi, ta daina bin jikoki da gudu. Mu nan lafiya lau, sai mura da ta zagaya gidan ta wuce.

Direban motar hayar da muke ba saƙo ya kawo mini filash ɗin da ka aiko. Na kalli fim ɗin faɗan nan, kuma na yi asarar yammacina. Mutum ɗaya ya kayar da unguwa guda, ya faɗo daga bene, ya tashi ya kakkaɓe riga ya ci gaba, ko gumi bai yi ba. Idan wannan ne fim a wurinka, riƙe abinka. Ina kuma jiran ra'ayinka a kan na kotun da na aiko maka. Matar da ta tsaya wa ƙanenta a gaban alƙali ta burge ni, har na ajiye makin jarrabawar ɗalibaina na maimaita jawabinta.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. Surukata ta zo. Ka san tun da Allah ya yi wa Baban maigidana rasuwa bara, Inna take zaune ita kaɗai a wancan gidan, ɗakuna a kulle, daga ita sai rediyo. Da ƙyar ɗanta ya shawo kanta ta yarda ta zo ta yi mana hutun makaranta. Ta ce idan wurin ya karɓe ta za ta zauna, idan bai karɓe ta ba, ina komawa aji ita ma za ta koma gida. Zuwa yanzu dai bai karɓe ta ba.

Ba ta da faɗa, ba ta da ƙorafi. Da ma faɗan take yi, da na san inda zan kama. Tana zaune a kujerar bakin taga, hannu a cinya, kamar mai jiran mota. In kawo shayi, "an gode". In kai ruwan wanka, "an gode, kin sha wahala". Kofin da ta sha ma sai ta wanke ta kife daidai inda ta same shi. Maigidan yana fita wurin aiki tun safe, ya bar mu muna ta yi wa juna sannu. Ina son matar nan, Tela, kuma ba na son ta koma ta ci gaba da zama da ɗakunan da ba kowa.

Maigidan ya ce da can Inna ta fi kowa dariya a gidansu, ita da Baba suke zama kallon fina-finan barkwanci har maƙwabta su leƙo. Kai da talabijin ba ta mutuwa a shagonka, ka zaɓo mini na dariya zalla. Ban da mutuwa, ban da asibiti, ban da abin da zai sa in rasa inda zan sa idona a gaban suruka.

Taubashiyarka,
Malama

*

Zuwa ga Malama, sarkin gyara,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, bayana yana nan yana aikinsa, ni ma ina nawa. Goggonki ta ce a gaya miki ƙafarta ce ba taki ba, amma na ga ta ɗora a kan matashin. Ki gaida maigidan, ki durƙusa mini a gaban Inna.

Fim ɗinki na kotu na yi ƙoƙari, Allah ya gani. Mutane a zaune. Ɗaya ya tashi ya nuna yatsa ya zauna, wata ta tashi ta nuna yatsa ta zauna. Ba wanda ya gudu, ba wanda ya faɗi. Abu ɗaya na ƙaru da shi, wuyan rigar lauyan nan, har na ɗinka wa wani ango irinsa. Na faɗan kuma da kika kushe, idonki bai kai wurin ba. Mutum ya faɗo daga bene, ko maɓalli ɗaya bai cire ba. Telan da ya ɗinka rigar shi ne jarumin fim ɗin, sunansa ne kawai ba su sa ba.

Maganar Inna, ki kwantar da hankalinki, kin zo wurin likita. Ga filash nan a cikin ambulan, na naɗe shi a ƙyalle don kada direba ya zauna a kai. Fim ɗaya ne a ciki, kuma ban taɓa ganin abin dariya irinsa ba.

Wani guntun mutum ne siriri, an ɗinka masa kwat da za ta ɗauki mutum biyu har a ajiye jaka. Hannuwanta sun wuce yatsunsa, kafaɗar ta sauko gwiwar hannu. Daga farkon fim har ƙarshe yana bin gari gida-gida yana neman telan da ya yi masa wannan aika-aika. Ya ƙwanƙwasa, a buɗe, a kalli rigar. Wani ya rufe fuska da hannu, wani ya mayar da ƙofa ya garƙame. Wata tsohuwa da ta gan shi sai ta zauna daɓas a ƙasa, kafaɗunta suna rawa, dariya ta hana ta tashi. Akwai inda aka miƙa masa shayi, hannun rigar ya riga shi shiga kofi. Akwai inda ƙofar mota ta kama gefenta, ya yi tafiya ya dawo da baya. Shi kuma ko murmushi ba ya yi, abin da ya fi kashe ni ke nan.

Ni da Mai Guga, maƙwabcin shagona, mun kalle shi ba adadi. Rannan sai da na taka keke na ɗinke hannun wata riga da jikinta saboda dariya, na zauna ina farkewa. Babu gawa, babu asibiti, babu rungume-rungumen da zai ba ki kunya. Idan Inna ba ta dara ba, ki zo ki ɗauki almakashina kyauta.

Taubashinki, kuma gwaninki a harkar kallo,
Tela

*

Tela,

Lafiyarmu ƙalau, idan ka damu ka sani. A gaida Goggo, ita ba ruwanta.

Laifina ne da na yarda da kai har ban duba fim ɗin ba kafin in kunna. Bayan la'asar na juyo da kujerar Inna daga taga, na haɗa shayi, na ce mata ɗan'uwana ne ya aiko mana da abin dariya. Ni da bakina na faɗa.

Mutumin yana fitowa da rigar, maganar farko da ya yi ita ce, "Yayana ya rasu, ya bar mini rigarsa da wasiyya." Tela, rigar mamaci ce. Babu wani tela a fim ɗin. Yayan ne ya roƙe shi ya bi mutanen da ya ɓata wa rai a rayuwa, ya nema masa gafara. Mai rufe fuska abokin yayan ne da suka yi shekaru ba sa magana. Wanda ya garƙame ƙofa ya ƙi yafewa ne. Tsohuwar da ka ce dariya ta kayar da ita, ita ta reni yayan, kuma a bakin ƙofar nan ta ji labarin mutuwarsa.

Na kai hannu zan kashe, Inna ta ce, "Bar shi." Ka san ba a yi wa suruka musu. Haka muka zauna har ƙarshe, hawaye yana bin fuskarta ba ta share ba, shayin ya huce a hannunta. Ni kuwa da ƙasa ta tsage da na shige. Da aka gama ta ce, "An gode," ta shiga ɗaki.

Washegari na leƙa na tarar ta ninke kayanta tsaf a jaka. Ta tambayi ɗanta ranar da direba zai wuce. 

Na sake karanta wasiƙarka, wurin da ka ce "babu gawa". Ashe dabara ka yi mini. Wasa da ni halal ɗinka ne, tun muna yara kake sa mini ƙadangare a jakar makaranta, ban taɓa kai ka ƙara ba. Amma Inna ba abokiyar wasanka ba ce, kuma na gaya maka halin da take ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da wasa nake ba.

Malama

*

Zuwa ga 'yar'uwata Malama,

Assalamu alaikum. Muna lafiya a jiki. Goggonki ta ji abin da ya faru, ta ce in daina gaishe ta sai na gyara ɓarnar da na yi.

Wallahi ba wasa na yi miki ba. Ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga.

Talabijin ɗin shagona ba ta da murya. Tun lokacin da muka canja shago ta suɓuce daga kan kanta, hoto ya tsira, murya ta tafi. Ban kai gyara ba, don ko tana da ita ba ji za mu yi ba, ga ƙarar kekuna, ga injin mai niƙa a bayanmu. Hoton muke kallo, Mai Guga ya tsaya a bakin ƙofa da dutsen gugarsa, mu riƙa sa musu magana da bakinmu. Na saba har na manta wasu mutane ji suke yi. Bai taɓa zuwa raina in gaya miki ba, kamar yadda ban taɓa gaya miki shagon ba shi da labule ba. Har fim ɗinki na kotu, ban ji ko kalma ɗaya daga jawabin matar nan ba.

Da wasiƙarki ta zo na ari wayar mai ɗakina, muka rufe shago da rana tsaka, ni da Mai Guga muka saurare shi. Mai Guga, ƙaton mutumin nan, ya juya mini baya wai hayaƙin gawayi ne ya shiga idonsa, alhali dutsen a kashe yake. Ni da aka zo wurin tsohuwar na kasa kallo. Fim ne mai kyau, Malama, na yarda, amma ba shi na aiko miki ba. Ga wanda na aiko, don ki san abin da ke kunnena lokacin da nake rubuta miki.

A gidan tsohuwa, ni ne mai riga, Mai Guga ne tsohuwar.

"Salamu alaikum, Iya, nan ne gidan telan?"

"Wane tela?"

"Wanda ya auna ni."

"Ɗan nan, kai aka auna ko ƙofar gidanku?"

A wurin shayi, mai gida ya ce, "Bismillah, sha mana." Ni kuma in ce, "Bari rigar ta fara, ita ce babba."

Wanda ya garƙame ƙofa kuwa, cewa yake, "Mutum ɗaya muke da wurinsa. Ku shirya tsakaninku, ko kai ko ita."

Wannan ne duk laifina, wauta ce ba mugunta ba. Kunya ta kama ni har na rasa yadda zan yi. Idan zuwa kike so in yi in durƙusa a gaban Inna, in rufe shago in biyo direba, ki faɗa. Kada ta tafi saboda ni.

Taubashinki,
Tela

*

Malama,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, kumburin ƙafar Goggo ya saɓe, amma har yanzu da kai take amsa mini gaisuwa.

Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, hannunsa wofi. Na tambaye shi ko ya ɗauko wata tsohuwa daga gidanku, ya ce shi tsofaffi da yawa yake ɗauka, ba ya riƙe fuska. Na kira wayarki, ba ki ɗaga ba. Yaran nan gida sun koma makaranta, na san ke ma kin koma. Inna ta tafi ne?

Na kai talabijin an gyara mata murya. Yanzu ba mai iya aiki a shagon, kowa ya kashe keke yana sauraro, kayan mutane sun taru. Mai Guga ya ce tun da 'yan fim suka fara magana da kansu fina-finan suka lalace.

Ki rubuto ko da zagi ne.

Tela

*

Zuwa ga Tela, taubashina, likitan da ya ba da magani bai karanta takardar jikinsa ba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, maigidan yana gaishe ka, kuma da dariya ya faɗa. Ka ce wa Goggo ta sassauta maka, hukuncin ya isa. Aikin makaranta ne ya riƙe ni, amma ba zan yi ƙarya ba, da gangan na ƙara barinka ka ɗan dahu.

Wasiƙarka ta bayani ta zo ranar da Inna za ta tafi, direban da zai ɗauke ta ne ma ya miƙo mini. Ya ce zai sauke kaya a kasuwa ya dawo. Jakarta tana bakin ƙofa, ta yafa mayafi ta zauna a kujerarta. Na tsaya a falo ina karantawa, fuskata a murtuke, na riga na shirya ba zan yafe maka ba. Ina zuwa wurin "kai aka auna ko ƙofar gidanku" dariya ta kuɓuce mini. Na toshe baki, ta fito ta hanci.

Inna ta ce, "Mene ne?"

Na ce, "Ba komai, Inna, ɗan'uwan nan nawa ne."

"Mai fim?"

Ba yadda zan yi, na karanta mata duka, har da hayaƙin gawayin Mai Guga. Da na gama na ce a raina na ƙara ɓata lamarin. Can sai ta ce, "Kunna mini shi. Ki kashe muryar."

Na kunna. Mutumin ya fito da rigarsa yana jan hannuwa. Ina karanto maganganunku a inda suka dace, Inna ta zuba ido. Da aka zo inda ƙofar mota ta kama shi, wurin da ba ka rubuto komai ba, sai na ji wata murya mai kauri a gefena: "Ni riga na ce ka ɗinka mini, ban ce ka gina mini ɗaki ba." Na waiwaya. Inna ce, ta turo baki ta ɗaure gira. Muryar Baba take yi. Ashe tsawon zamansu bai taɓa karɓo ɗinki ya dawo gida lafiya ba, kowane tela a garinsu sun yi shari'a da shi. Ta karɓe maganar mai rigar, ta bar mini sauran mutanen gari, muka bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Ta yi dariya har ta sarƙe, na ruga na kawo ruwa, ta sha ta miƙo mini kofin ko kallona ba ta yi ba, ta ce in mayar da fim ɗin wurin tsohuwar.

A nan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ba fushi ta yi da fim ɗin ba. Ta ce tun da Baba ya rasu kowa yake kauce wa zancensa a gabanta, ɗanta ma da ta ambace shi sai ya tambaye ta ko ta sha magani. Fim ɗinka ne ya fara yi mata maganar kai tsaye. Kunyar kukan da ta yi a gabana ce ta sa ta haɗa kaya, wai kada ta kawo mana baƙin ciki gida. Na ce, "Inna, ni ban taɓa zama da Baba sosai ba, ki ba ni labarinsa." Tana cikin ba ni direba ya danna hon. Ta ce, "Ki ce masa muna tsakiyar kallo."

Ra'ayinta a kan fim ɗin, tun da ka saba tambayar ra'ayi: ta ce da murya ya fi gaskiya, ba murya ya fi daɗi, kuma mai rigar ya iya tafiya. Na kunna mata na faɗan ma, ta goyi bayana, ta ce ƙarya ta yi yawa. Na kotun kuma, tun da yanzu kana da kunne, ka koma ka saurari matar nan.

Ƙunshin da ke tare da wasiƙar nan daga Inna yake. Rigar Baba ce mai ruwan toka, wadda ya fi so, ita kaɗai ce bai taɓa kushewa ba. Da ita ta zo a ƙasan jakarta, ba mu sani ba. Tana so a rage ta ɗanta ya sa. Ga ta nan a kaina ta ce in rubuta yadda ta faɗa, kada in gyara mata:

"Tela, na gaishe ka, na gaida Mai Guga. Kada ka zo durƙuso, bayanka ba lafiya. Ga awon ɗana nan, ni na auna shi da hannuna, ba ƙofa na auna ba. Ka yanka da bismillah, kada hannunka ya yi rawa, mai ita ba zai zo ya yi maka faɗa ba. Amma idan ta yi wa yaron yawa, ni zan zo. In ka gama kada ka aika da ita tsohon gida, ba kowa a can. Ka aiko nan, nan nake."

Taubashiyarka,
Malama